Ƙanjamau: Suna da Gwajin Jini

Ni malamin harshe ne, saboda haka daga suna zan faro. Kalmar ƙanjamau ta samo asali daga ƙanjamewa, watau ramewa har ƙashi ya fito. Sunan ya dace da ƙarshen cutar, amma ya yaudare mu game da farkonta, domin ya koya wa Bahaushe neman ciwon da ido. In ya ga mutum ɓulɓul, sai ya ce lafiyayye ne. Alhali kuwa ƙwayar HIV tana iya shekara goma a jiki, tana cin garkuwarsa sannu a hankali, mai ita bai sani ba, balle matarsa.

A 1981 aka fara ba da rahoton cutar a Amurka, aka gano ƙwayar a Faransa a 1983, gwajin jini ya samu a 1985. A wancan zamani sakamakon kusan hukunci ne. Tun 1996, da aka fara haɗa magunguna, al'amarin ya sake. Wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta daina bayyana a awo ba ya sa wa abokin aurensa, mai juna biyu kuma tana iya kare jaririnta.

Gwajin kansa ɗigon jini ne daga yatsa, cikin rabin sa'a an gama. Sai dai in kamuwar sabuwa ce, jini kan yi shiru, don haka akan nemi a sake bayan wata uku.