Kafin a Kafa Kyamara, a Fara Zana Taswira

Duk lokacin da aka zo maganar tsaro a taron yaye ɗalibai ko wasan ƙarshe na kofin sassa, abin da nake yawan ji shi ne a ƙaro kyamarori. Ni kuwa a matsayina na ɗalibin injiniyan kwamfuta, ina ganin tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: a ina jama'a za su matse? Amsar wannan ce za ta nuna inda za a kafa kyamara.

Ku duba abin da ya faru a filin wasa na Hilsboro da ke Shefil a Ingila, ranar 15 ga Afrilu 1989, a wasan Liverpool da Nottingham Forest. 'Yan sanda na da kyamarori a filin. Da cunkoso ya yi yawa a waje sai aka buɗe wata babbar ƙofa, jama'a suka kwarara ta wata hanyar ƙarƙashin rumfar 'yan kallo zuwa sassa biyu na tsakiya da suka riga suka cika, alhali na gefe da sauran wuri. Ba a rufe hanyar ba. Mutum 97 suka rasa rayukansu sanadiyyar haka.

To, shi ya sa aikin yake farawa a kan takarda. A zana wurin taron, a raba shi shiyya-shiyya: inda ake layi a waje, ƙofofi, matattakala da lunguna, fili, sai hanyoyin fita. Kowace shiyya a ba ta sunan da mai gadi zai gane a waya nan take, kamar "ƙofar gabas". Sannan a auna ta. Fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 murabba'in mita 50 ke nan. Idan aka tsayar da iyaka a mutum 4 a kowane murabba'in mita, mutum 200 zai ɗauka. Amma fa ƙararrawa ta kaɗa tun kafin a kai nan, domin tare jama'a na cin lokaci.

Sai zaɓen kyamara. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa, IEC 62676-4, wadda bugunta na 2014 ya yi lissafi da ɗigon hoto a kowace mita: 25 don a gane akwai mutum, 125 don a shaida wanda aka sani, 250 don a tantance fuska. Kyamarar 1080p tana da ɗigo 1920 a kwance. Idan ta rufe faɗin mita 30, ɗigo 64 ke nan a mita, ya isa a ga yadda taro ke motsi. In fuska ake so, faɗin kada ya kai mita 8. Kun ga ke nan kyamarar fili daban, ta ƙofa daban.

A kafa ta sama tana kallon ƙasa, don kada na gaba su kare na baya. Kada ta fuskanci rana kai tsaye. Inda shiyya biyu suka haɗu, kyamarori biyu su ɗan shiga gonar juna, kada a bar wurin da ido bai kai ba. Mai juyawa kuwa, in ta kalli hagu ta bar dama, don haka kada a dogara da ita a ƙofa. A tanadi batir ko sola saboda ɗauke wuta, a kuma kawar da idonta daga makewayi da tagogin hostel.

Abu na ƙarshe, kowace shiyya a rubuta wanda za a kira da abin da zai yi idan ta cika: a tsayar da layi, ko a karkatar da mutane wata shiyya mai sarari. Shawarata ga kwamitin shirya taro na ƙungiyarmu ita ce su nemi ganin wannan taswira kafin a kashe ko kwabo a kan kyamara.