Shin Ko Kun San? Gidauniyar da Ke Kai Karatun Yahudawa Har Bakin Gadon Yaro

Shin ko kun san cewa tsarin mulkin jihar Massachusetts ta Amurka ya hana a ɗauki kuɗin gwamnati a tallafa wa makarantar firamare ko sakandare da ba ta gwamnati ba? A makarantun gwamnati kuma, tun a shekarar 1962 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana hukuma ta tsara wa ɗalibai addu'a. Saboda haka Bayahuden da ke son ɗansa ya iya karanta Attaura da harshen Ibrananci, ya san bukukuwan addininsa da tarihin mutanensa, sai dai ya dubi aljihunsa da na 'yan'uwansa. Daga nan ne ƙungiyoyin da ba sa neman riba suka samo aikin yi.

Shin ko kun san cewa wannan ɗabi'a ta ɗaukar nauyin karatun yara a matsayin aikin gayya ta girmi Amurka nesa ba kusa ba? Littafin Talmud, wanda ya tattara fiƙihu da muhawarar malaman Yahudawa, ya ba da labarin wani babban malamin ɗakin ibada na Birnin Ƙudus mai suna Yoshuwa ben Gamla, wanda ya rayu a ƙarni na farko. Shi ne ya yi umarni a naɗa malamai a kowane lardi da kowane gari, a kuma kai musu yara tun suna da shekara 6 ko 7. Dalilin da aka bayar mai taɓa zuciya ne: kafin nan uba ne ke koyar da ɗansa, don haka maraya ba ya samun mai koya masa. Har adadin ɗalibai an ƙayyade: malami ɗaya ga yara 25, idan sun kai 40 a ba shi mataimaki, idan sun kai 50 a kawo malami na biyu.

Shin ko kun san cewa mace ce ta buɗe makarantar ranar Lahadi ta farko ta Yahudawan Amurka? Sunanta Rebecca Gratz, a birnin Philadelphia, a shekarar 1838. A 1895 Yahudawan Boston suka haɗa ƙungiyoyinsu na taimako a ƙarƙashin asusu ɗaya, a 1910 kuma na New York suka kafa hukumar ilimi ta al'umma a hannun Samson Benderly, likitan da ya bar aikin asibiti ya rungumi koyarwa. Aikin hukumar shi ne horar da malamai, rubuta littattafan karatu, da ɗaga darajar ƙananan makarantun da ke warwatse a unguwanni.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin gidauniyoyin da suka fi tasiri a wannan fanni a yau ta taso ne daga yankin da Yahudawa ba su da yawa? Yammacin Massachusetts ke nan, kwarin kogin Connecticut, inda garuruwan Springfield da Longmeadow da Northampton da Amherst suke. Mai gidauniyar, Harold Grinspoon, an haife shi a 1929 a garin Newton kusa da Boston. Ya fara da sayen wani tsohon gida a garin Agawam, ya gyara ya sa 'yan haya, a hankali har kamfaninsa na Aspen Square Management ya mallaki dubban gidajen haya a jihohi da dama. Bayan ya yi fama da ciwon daji ya tashi, sai ya mai da hankali ga rabon dukiyarsa. A farkon shekarun 1990 ya kafa gidauniyar da ke ɗauke da sunansa, shi da matarsa Diane Troderman. A 2015 su biyun suka sa hannu a alkawarin nan da Bill Gates da Warren Buffett suka ƙirƙiro, na cewa attajiri zai bayar da fiye da rabin abin da ya mallaka.

Shin ko kun san abin da ke hana irin waɗannan masu bayarwa barci? Binciken cibiyar Pew na shekarar 2020 ya ƙiyasta Yahudawan Amurka da kimanin miliyan 7.5, manya da yara. A cikin waɗanda suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin binciken, kashi 61 cikin 100 sun auri wanda ba Bayahude ba. Gidaje da yawa ba su da rajista da kowace majami'a. Akwai uwar da ke son ɗanta ya san al'adar kakanninsa amma ita kanta ba a koya mata ba, tana kuma jin kunyar shiga cikin masana ta yi tambaya. Gina makaranta kaɗai ba ya kai wa ga irin wannan gida, domin mutanen gidan ba za su taka ƙafa su je ba.

Shin ko kun san cewa wata mawaƙiya ce, wadda ba Bayahudiya ba, ta haska wa Grinspoon hanya? A 1995 Dolly Parton ta fara aika wa yaran ƙaramar hukumarsu a jihar Tennessee littafi kyauta kowane wata ta gidan waya. Grinspoon ya ji labarin shirin a rediyo, har ya ɗauki nauyin kawo shi yankinsu. Daga baya, a wani daren Idin Ƙetarewa, ya ga wani abu da idonsa. A wannan dare iyali ke zama a teburi ɗaya, a ci gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, a tuna fitar Bani Isra'ila daga Masar, ƙaramin yaron gida kuma ya miƙe ya yi tambayoyi huɗu da aka saba. Surukarsa, Winnie Sandler Grinspoon, ta raba wa yaran da ke wurin littattafai masu hotuna a kan al'adun Yahudawa, ya ga yadda suka rungume su. A shekarar 2005 aka fara shirin PJ Library da littattafai 200 kacal, duk a yammacin Massachusetts. An raɗa masa sunan ne daga kayan barcin yara, domin lokacin kwanciya ake so a karanta.

Ga yadda abin yake a gida. Ambulan na isowa da sunan yaron a jiki, shi kuwa yaro ɗan shekara uku ba kullum ake aiko masa wasiƙa ba, don haka da kansa yake yagewa. An zaɓi littafin daidai shekarunsa, sau da yawa kuma daidai bikin da ke tafe: labarin fitilu takwas na Hanuka a ƙarshen shekara, labarin tuffa da zuma na sabuwar shekarar Yahudawa a lokacin kaka. A naɗin bangon littafin akwai ɗan bayani da aka rubuta wa iyaye a kan al'adar da ke cikin labarin da yadda za a yi hira da yaro a kanta. A ganina nan ne hikimar shirin take. An koyar da uwa da uba ba tare da an zaunar da su a aji ba, ba tare da kowa ya ga gazawarsu ba. Ba a tambayar iyali ko suna zuwa ibada, ba a tambayar nawa suke samu.

Shin ko kun san cewa gidauniyar ba ta yarda ta ɗauki kuɗin shirin ita kaɗai? A yawancin garuruwan da ya shiga, sai ƙungiyar Yahudawan garin ko cibiyar al'ummarsu ko wasu masu hannu da shuni na wurin sun kawo nasu kason. Su ne kuma ke shirya taron karatu a ɗakin karatu na gari ko a filin wasan yara, inda iyayen da ba su san juna ba suke haɗuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da mutum ya sa kuɗinsa a ciki ba ya bari ya lalace. Yau shirin na raba littattafai sama da 600,000 kowane wata a ƙasashe fiye da 30, cikin harsunan da suka haɗa da Ingilishi da Ibrananci da Sifaniyanci da Rashanci. Yara 'yan shekara 9 zuwa 12 su ke zaɓar nasu littafin da kansu.

Shin ko kun san cewa akwai reshen Larabci? A 2009 aka fara irin wannan shiri da Ibrananci a makarantun renon yara na Isra'ila tare da ma'aikatar ilimin ƙasar: malama ta karanta littafin a aji, sannan kowane yaro ya tafi gida da nasa. A 2014 aka buɗe Maktabat al-Fanus domin yaran Larabawan ƙasar, Musulmi da Kirista da Duruz, da littattafan Larabci.

Shin ko kun san cewa karatun yaran Yahudawa a Amurka kashi uku ne? Akwai makarantar yini, inda ake haɗa lissafi da kimiyya da Ibrananci da Attaura, kuɗinta kuma na da tsada ƙwarai. Akwai ta yamma da ta ranar Lahadi a majami'a, wadda ta yi kama da Islamiyyar da yaranmu ke zuwa bayan an tashi daga boko. Sai sansanin hutun bazara, inda yara ke kwana makonni a bakin tafki ko cikin daji, suna iyo da wasanni, suna kuma kiyaye ranar Asabaci tare. Gidauniyar ta sa hannu a duka ukun a yankinta. Tana rage wa iyaye kuɗin makarantar yini, tana taimaka musu da kuɗin sansani, tana kuma ba malaman da suka yi fice lambar yabo. A Northampton akwai makarantar firamare mai suna Lander-Grinspoon Academy.

Sansanonin nan sun samu kulawa ta daban. Tun 2004 gidauniyar ke tura musu ƙwararrun masu ba da shawara kyauta, su koya wa kwamitin amintattu yadda ake tsara kasafi, yadda ake adana sunayen tsofaffin ɗalibai, da yadda ake roƙon gudummawa ba tare da jin nauyi ba. Sannan ta ce musu: ku tara kaza, mu ƙara muku kaza. Shirin yanzu ana kiransa JCamp 180. Wannan aiki ba shi da armashi a hoto kamar yaro riƙe da littafi, amma shi ne ke hana rufin ɗakin kwana ya rufta, shi ne ke biyan mai dafa abinci.

Shin ko kun san cewa ana koya wa yaro bayarwa tun yana ɗan shekara 13? A wannan shekarar ne ɗa namiji ke zama baligi a addinance, 'ya mace kuma a 12 ko 13. Ana yin biki, yaron ya karanta wani sashe na Attaura a gaban jama'a, dangi su ba shi kyautar kuɗi. A shirin B'nai Tzedek, yaron na ware wani abu daga kyautar, a ƙara masa a kai, a buɗe ɗan ƙaramin asusu da sunansa. Kowace shekara shi zai zauna ya zaɓi ƙungiyar da za a ba ribar asusun.

Shin ko kun san cewa har wasiyya an shigo da ita cikin lissafin? A 2012 gidauniyar ta fara shirin Life & Legacy, wanda ke horar da makarantu da majami'u da sauran ƙungiyoyin gari ɗaya su nemi magoya bayansu su rubuta musu wani kaso a cikin wasiyyarsu. Abin da aka samu ana ajiye shi kamar waƙafi, a riƙa cin ribarsa. Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne ƙungiyoyin garin tare suke shiga, tare ake horar da su, mai bayarwa ɗaya kuma yana iya raba wasiyyarsa ga uku ko huɗu daga cikinsu, don haka gasar ƙwace masu bayarwa ta ragu. Alkawuran da aka tara ta wannan hanya a Amurka da Kanada sun haura dala biliyan 1.

Shin ko kun san cewa a yammacin Massachusetts dai akwai wata ƙungiyar da ta ceto littattafai daga juji? A 1980 wani ɗalibi ɗan shekara 24, Aaron Lansky, ya lura ana zubar da littattafan Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, saboda jikokin masu su ba sa iya karantawa. Masana sun ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce 70,000 ba. Shi da abokansa suka riƙa bin gidajen tsofaffi da mota, suna kwasowa daga ɗakunan ajiya, har suka tara sama da miliyan 1. Cibiyar ƙungiyar tana Amherst, tana koyar da harshen, ta kuma ɗora dubban littattafan a intanet kyauta.

Shin ko kun san cewa alherin Grinspoon bai tsaya a kan 'yan addininsa ba? Ta wata gidauniyarsa ta biyu, ana karrama malaman makarantun yankin ba tare da duban addini ba. Tun 2015 kuma, tare da wasu abokan haɗin gwiwa, ana ba ƙananan manoman yammacin Massachusetts tallafin da ya kai dala 2,500 domin su sayi kayan aiki ko su gyara shinge da rumfar shuka.