Kamun Kifin Bas da Jirgi a Ƙarshen Kaka

A darasin labarin ƙasa mukan haddace sunayen Manyan Tabkuna guda 5 da suke arewacin nahiyar Amurka, mu rubuta su a jarrabawa, sa'an nan mu manta da su. Amma akwai miliyoyin mutane da suke zaune a bakin waɗannan ruwaye, kuma da yawa cikinsu masu sha'awar fatsa ne. A wannan shekara muna so mu duba wata al'ada tasu mai ban mamaki, watau fita da jirgi a watan Oktoba da Nuwamba, sa'ad da sanyi ya fara kama ƙashi, domin neman wani kifi guda ɗaya. Me ya sa suke zaɓen wannan lokaci mai wuya? Amsar tana cikin zafin ruwa da sanyinsa. Shi ne yake tara kifin wuri ɗaya, shi ne kuma yake sa ran kifin da na mai kamunsa cikin haɗari.

Wane Irin Kifi Ne?

Sunansa a Turance smallmouth bass, watau bas mai ƙaramin baki. An ba shi wannan suna domin a bambanta shi da ɗan'uwansa mai babban baki. Idan aka rufe bakinsa, ƙarshen muƙamuƙinsa ba ya wuce idonsa, amma na ɗan'uwan yakan wuce. Launinsa kamar na tagulla ne, da zane-zane masu duhu a gefen jiki, idonsa kuma yakan yi ja. Wanda ya san ƙarfasa zai iya kwatanta siffarsa, sai dai bas ya fi tsawon jiki. Yawancin waɗanda ake kamawa nauyinsu daga rabin kilo ne zuwa kilo 2.

Wani masani Bafaranshe mai suna Lacépède ne ya ba shi sunan kimiyya a shekara ta 1802. Asalin gidansa shi ne Manyan Tabkuna, da kogin St. Lawrence, da sassan kogin Misisifi da rassansa. Yana son ruwa mai tsabta wanda ƙarƙashinsa duwatsu ne da tsakuwa. Mafi girma da aka taɓa rubutawa shi ne wanda David Hayes ya kama a tabkin Dale Hollow, kan iyakar jihohin Kentucky da Tennessee, a shekara ta 1955. Nauyinsa ya kai kilo 5.4. Masu fatsa suna ƙaunarsa saboda ƙarfinsa, gama idan ƙugiya ta kama shi yakan yi tsalle sama da ruwa, ya yi ta kokawa har ƙarshe.

Abin da Kaka Take Yi wa Tabki

Kakar waɗannan ƙasashe ba ta yi daidai da tamu ba. A can kaka ita ce lokacin da yake tsakanin watannin zafi da hunturu mai ƙanƙara, daga Satumba zuwa Nuwamba. Rana tana gajarta, ganyayen itatuwa suna zuba, ruwa kuma yana ta yin sanyi kowane mako.

A watannin zafi, tabki mai zurfi yakan kasu hawa-hawa. Ruwan sama, wanda rana take duka, yana da ɗumi kuma ba shi da nauyi, saboda haka yana zaune a bisa. Ruwan ƙasa mai sanyi ne, ya fi nauyi, yana kwance a gindi. Su biyun ba sa gaurayuwa, har a wasu tabkuna iskar oksijin takan ƙare a ƙasa, kifi ya kasa zama can. Da kaka ta shigo, ruwan sama yakan huce, ya yi nauyi, ya nutse. Iska mai ƙarfi kuma ta dama tabkin kamar yadda ake dama kunu, har sama da ƙasa su zama ɗaya. Ta haka oksijin yake kaiwa gindin tabki, hanya kuma ta buɗe wa kifi ya sauka.

Ɗaliban kimiyya za su tuna cewa ruwa ya fi nauyi sa'ad da zafinsa yake wajen digiri 4. Idan ya yi sanyi fiye da haka sai ya sake rage nauyi. Domin wannan ne ƙanƙara take daskarewa a bisa, ruwan da yake ƙarƙashinta kuwa ya zauna bai daskare ba. Can ƙasa ne bas yake neman mafaka.

Shirin Kifi Domin Hunturu

Jikin kifi ba ya riƙe nasa zafin kamar namu. Yadda ruwa yake, haka jikinsa yake. Idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, bas yakan rage motsi da cin abinci, a tsakiyar hunturu kuwa da ƙyar yake ci. Zai yi watanni yana rayuwa da kitsen da ya tara. Saboda haka makonnin kaka su ne lokacin cika rumbunsa. Yana cin ƙananan kifaye da wani irin jatan lande na ruwan daɗi mai hannuwa kamar na ƙaguwa. Matan kuma a lokacin ne ƙwai yake fara girma a cikinsu, wanda za su zuba idan bazara ta zo. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe a shekarar, idan ba su yi girma sosai kafin sanyi ba, yunwa ce take kashe su kafin ƙanƙara ta narke.

Kifayen da suka warwatsu a bakin gaɓa dukan watannin zafi sukan fara haɗuwa garke-garke, su nufi wurare masu zurfi kusa da tudun duwatsu ko gangaren da yake ƙarƙashin ruwa, sau da yawa a zurfin mita 6 zuwa 15. Na cikin kogi sukan yi doguwar tafiya domin neman gurbi mai zurfi inda ruwa ba ya gudu. A jihar Wisconsin an bi sawun waɗansu, aka tarar sun yi tafiyar fiye da kilomita 60. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake bukatar jirgi. Mai tsayawa a gaɓa ba zai kai gare su ba. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake samun manya a wannan lokaci, gama sun ƙoshi, kuma suna tare. A ranar 3 ga Nuwamba 2022 wani mai fatsa daga jihar Ohio ya kama bas mai kilo 4.6 a Tabkin Erie, wanda ba a taɓa auna kamarsa ba a cikin Manyan Tabkuna.

Yadda Ake Kamun

Ba taru ko koma ake jefawa ba. Fatsa ake yi, da sanda mai lanƙwasa da siririn zare da ɗan keken naɗe shi. Jirgin yakan zama na mutum 2 ko 3, yana da babban inji na tafiya, da ƙaramin inji na lantarki a goshi wanda yake tsai da jirgin wuri ɗaya ba tare da ƙara ba. Akwai kuma na'ura mai aika amo cikin ruwa. Amon yakan daki ƙasa ko kifi ya komo, na'urar ta zana hoton abin da yake ƙasa. Masu fatsa sukan ɓata sa'o'i suna kewayawa suna duban na'urar kafin su jefa ƙugiya ko sau ɗaya, domin a ƙarshen kaka yawancin tabkin fanko ne, kifin yana 'yan wurare kaɗan.

Abin da ake sa wa ƙugiya yawanci na ƙarya ne. Akwai ɗan guntun ƙarfe mai siffar kifi wanda yake kaɗawa idan an ɗaga shi. Akwai na roba mai taushi da aka sa wa dalma domin ya nutse. Waɗansu kuma sukan sa ƙaramin kifi mai rai inda doka ta yarda. Dabarar duka ɗaya ce, watau a kai abin har ƙasa, a ɗaga shi kaɗan, a bar shi ya faɗi, a jira. Kifin da sanyi ya kama ba ya bin abu da gudu. Sau da yawa ba ya fizgar zaren ma, sai dai mutum ya ji sandar ta ɗan yi nauyi. Mai gaggawa yakan koma gida hannu banza, mahaƙurci kuwa mawadaci.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ake jan abin a ƙasa. A shekara ta 1990 aka fara ganin wani baƙon ƙaramin kifi mai suna gobi a kogin St. Clair. Daga yankin Bahar Aswad da Tekun Kasfiya ya zo, cikin ruwan da manyan jiragen kaya suke ɗauka domin daidaita nauyinsu. Ya yaɗu ƙwarai, yana cin ƙwan kifayen gida, amma shi ma ya zama babban abincin bas a Tabkin Erie. Gobi ba ya iyo a tsakiyar ruwa, tsalle-tsalle yake yi a kan duwatsun ƙasa. Mai fatsa da ya san haka sai ya sa ƙugiyarsa ta kwaikwayi tafiyarsa.

Haɗari ga Mutum

Ruwan da yake tara kifi shi ne kuma yake kisa. Ruwa yana janye zafin jikin mutum da sauri fiye da iska wajen sau 25. Wani masani a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da yake faruwa ga wanda ya faɗa ruwan sanyi da lambobi uku, 1 da 10 da 1. A minti 1 na fari numfashi yakan ƙwace masa, idan kuwa kansa yana cikin ruwa zai shaƙe shi. Bayan haka yana da wajen minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su daina yi masa biyayya. Zai iya kai wajen sa'a 1 kafin ya suma, amma sai idan akwai abin da yake riƙe shi a bisa ruwa. Ashe gwanintar iyo ba ta isa ba. Rigar hana nutsewa ce take ceto, kuma sai tana jiki, gama wadda aka ajiye a ƙarƙashin kujera ba ta da amfani ga wanda ya riga ya faɗa.

Nuwamba kuma watan hadari ne a Manyan Tabkuna. A Nuwamba 1913 guguwa ta hallaka mutane fiye da 250 a cikinsu. A ranar 10 ga Nuwamba 1975 jirgin kaya mai suna Edmund Fitzgerald, mai tsawon mita 222, ya nutse a Tabkin Superior da mutanensa 29 duka. Idan haka ya sami babban jirgi, ina labarin ƙaramin jirgin fatsa? Tabkin Erie shi ne mafi rashin zurfi cikin biyar ɗin, domin haka raƙuman ruwansa sukan tashi nan da nan. Masu hankali sukan saurari labarin yanayi kafin su fita, su gaya wa na gida inda za su da lokacin komowa, su tafi da abokin tafiya da busassun tufafi. Idan iska ta tashi, sukan bar kifin su juya, ko da yana ci.

Haɗari ga Kifi

Idan manyan kifayen wani yanki duka sun taru a kan tudun dutse ɗaya, jirage kaɗan za su iya kwashe su cikin 'yan kwanaki. Bas kuwa ba ya girma da sauri a ruwan sanyi. Babba yakan yi shekaru masu yawa, wani ma ya haura 10, kuma manyan matan su ne masu yawan ƙwai. Saboda haka hukumomi suka kafa dokoki. Sai mutum ya sayi lasin kafin ya yi fatsa, an kuma ƙayyade yawan kifin da zai tafi da shi gida da tsawonsa. A yawancin jihar Minnesota, daga watan Satumba duk bas mai ƙaramin baki da aka kama dole a mai da shi ruwa nan take. Da yawa cikin masu fatsa ma, ko doka ba ta tilasta su ba, sukan auna kifin, su ɗauki hotonsa, su sake shi.

Amma saki kaɗai bai isa ba. A cikin bas akwai jakar iska wadda take taimakonsa tsayawa a ruwa. A zurfin mita 10 matsin ruwa ninki biyu ne na wanda yake sama. Idan aka fizgo kifi daga can da sauri, iskar jakar takan kumbura ninki biyu, jikinsa kuma ba ya iya fitar da ita nan da nan. Sai cikinsa ya kumbura, ya kasa nutsewa, ya yi ta yawo a bisa ruwa har tsuntsaye su tsince shi. Domin wannan masu kula sukan guji wurare masu zurfi ƙwarai, su mai da kifin ba da ɓata lokaci ba, ko kuwa su saukar da shi da wani abu mai nauyi har ya kai inda ya fito.

Abin Lura

Mun ga cewa mai fatsar kaka yana aiki da abin da muke koyo a aji, watau nauyin ruwa, da matsi, da tafiyar amo, da yadda jiki yake asarar zafi. Wannan sani ne yake kai shi inda kifi yake. Shi ne kuma yake gaya masa lokacin da zai ce ya isa. Na'ura ta sa neman kifi ya yi sauƙi fiye da dā, amma ba ta ƙara ko ɗaya a cikin tabki ba. Wanda ya kwashe garken bana ya cinye irin baɗi, kamar manomin da ya dafa irin shukarsa. Wanda kuma ya ƙi juyawa sa'ad da iska ta tashi, kwaɗayi ne ya buɗe masa ƙofar wahala. Muna fata sa'ad da ɗalibanmu suka sake zana taswirar Manyan Tabkuna, za su tuna da abin da yake gudana a ƙarƙashin ruwan a watan Nuwamba.