Kafin a haɗa karyar farauta barbara: nauyin da ke kan mai kiwo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Bodinga da Shagari, daji ya buɗe, sai a soma ganin mafarauta na fita da sassafe, gora a kafaɗa, karnuka na biye da su. A lokacin ne kuma tambaya kan kare ke yawaita a majalisun karatu: ya halatta a ajiye shi, a haɗa shi barbara, a sayar da 'ya'yansa? Mafi yawan masu tambaya "e" ko "a'a" suke nema. Mu kuwa muna ganin abin da ya fi nauyi shi ne irin karen da za a samar, da wanda zai ɗauki alhakinsa.

Asalin halaccin yana cikin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, inda Allah Ya halatta abin da dabbar farauta ta kama, matuƙar an koyar da ita kuma an ambaci sunansa. Ɗalibai na iya duba ayar a Diya'ut Ta'awili na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda shi kansa ya zauna a Bodinga. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke Bukhari da Muslim ya ƙara fayyace hukuncin. A wajen malamanmu na Malikiyya, karen da aka koyar shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. In ya zabura don kansa ya kashe zomo ba a tura shi ba, naman mushe ne. Ashe halaccin abin da zai shiga tukunya yana rataye da halin karen.

Larabawa sun daɗe da gane haka. Shahararren karensu na farauta shi ne Saluƙi, wanda malaman lugga ke danganta sunansa ga Saluƙ, wani gari a Yaman. Siriri ne, mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji, da ido yake farauta fiye da hanci, yana kuma cimma barewa a fili. Makiyayan Larabawa kan kula da asalinsa kamar yadda suke kula da na dawaki. Kusa da mu akwai mai kama da shi a siffa, karen Azawak na Buzaye, a arewacin Tahoua da ke Nijar. Irin waɗannan karnuka suna da kawaici, ba sa jure duka, kuma in sun hango abin kora kiran su dawo yana da wuya. To wannan dawowar kuwa ita ce rabin sharaɗin da fiƙihu ya gindaya.

Saboda haka aiki daga zaɓen iyaye yake farawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ma karya mai firgita ko mai cizon yara da wuya ta haifi natsattse. Yawancin masu kiwo gudu kaɗai suke dubawa, mu kuwa a ganinmu karen da ya fi kowa gudu amma ba ya jin kira bai cancanci a yaɗa irinsa ba. A guji haɗa uba da 'yarsa ko 'yan ciki ɗaya, domin hakan na fito da cututtukan gado. Kada kuma a haɗa karya tun tana ƙarama, a bari ta kai kamar shekara 2, ba ƙazuwa, ba kaska, ba rama. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma a ƙarshensa da lokacin shayarwa tana bukatar abinci fiye da ƙanzo da ragowar tuwo.

'Yan kwikwiyo su zauna da uwarsu aƙalla mako 8, a ba su maganin tsutsar ciki. A makonnin farko ne halinsu ke kafuwa. Wanda ya saba tun yana ƙarami da hannun mutane da awaki da kaji ba zai ɗauke su abin farauta ba in ya girma. A ƙauyen da bisashe ke yawo sake, wannan haƙƙin maƙwabci ne, kuma malamai sun ɗora biyan ɓarna a kan mai kare mai cizo da aka yi wa gargaɗi ya ƙi ji.

Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Da zarar alamu sun bayyana, sai dai ikon Allah. Allurar rigakafi ana yi wa kwikwiyo ne yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ba nisa. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Cewar da Malikiyya suka yi jikin kare da yawunsa masu tsarki ne hukunci ne na ibada, bai hana cuta shiga jiki ba.

Karya kan haifi biyar, shida, ko fiye. Kafin barbara, mai ita ya san hannun da kowane zai shiga. Ibnu Abi Zaid a Risala bai yarda a ajiye kare ba sai don tsaron dabbobi ko shuka, ko farautar neman abinci ba ta wasa ba, kuma hadisi ya tabbatar da raguwar lada kullum ga mai ajiye shi ba dalili. Zuba ragowar a kwali a kai su bayan gari zalunci ne, kuma daga nan garken karnuka marasa gata ke fitowa.

Game da sayarwa, Risala ta ambaci saɓani kan karen da aka yi izinin ajiyewa. Mashahurin zance a mazhaba shi ne hani, ko da yake Sahnun ya halatta. Wanda ya ba da kwikwiyo kyauta ga mafarauci ko makiyayin da ya san zai riƙe shi ya fita daga saɓanin. Allah Shi ne Mafi sani.