Wanda Ya Zauna a Bayan Ajinka Ba Farautarka Ya Zo Ba

Duk ranar da aka liƙa sanarwar cewa za a zaga azuzuwa a ga yadda ake koyarwa, sai ɗakin malamai ya ɗau zafi. Wannan ya ce shirin rage ma'aikata ne, wancan ya ce shugaban sashe ke neman wanda zai yi wa bita-da-ƙulli. Na gaji da jin wannan zance, musamman daga bakin malaman kwalejin ilimi. Su ne fa duk shekara suke bin firamare da ƙaramar sakandare, su zauna a bayan aji da takardar maki, suna kallon ɗalibansu masu koyarwar gwaji. Ka ce wa yaro ɗan shekara 20 muryarsa ta yi ƙasa, rubutunsa a allo ya karkace, amma ranar da aka ce abokin aikinka zai zauna a naka ajin, sai abin ya koma cin mutunci?

Aikin kansa ba wani abu ba ne: mutum ya shigo, ya zauna, ya rubuta abin da ya gani, daga baya ku tattauna.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma inda kwanon ya huje, sai wanda ya hau sama yake gani. Malamin da ke tsaye gaban ɗalibai 200 hankalinsa na kan abin da zai faɗa gaba. Bai san cewa layi 3 na gaba kawai yake yi wa darasi ba. Bai lura cewa tunda ya shigo bai jefa tambaya ko ɗaya ɓangaren mata ba. Wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa masu yawa ta auna, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su juya ga wani. Da aka ƙara jiran zuwa daƙiƙa 3, amsoshi suka yi tsawo, masu shiru ma suka fara buɗe baki. Wane malami ne zai gano wannan a kansa, ko da ya shekara 30 da alli a hannu? Kuma ƙaramar koyarwar nan da muke sa ɗalibai su yi a gaban juna, wadda aka fara a jami'ar Stanford a 1963, ginshiƙinta ke nan: ka koyar, a kalle ka, a faɗa maka, ka sake. A Japan malamai sun fi shekara 100 suna shirya darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya suna lura da yara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ban ce tsoron ba shi da tushe ba. Inda aka shiga aji sau ɗaya, aka ba mutum maki, aka jefa a fayil ɗin ƙarin girma, an yi zalunci. A Ingila hukumar duba makarantu, wato Ofsted, ta daina ba darasi ɗaya maki a makarantu tun 2014. Wani babban bincike da gidauniyar Gates ta ɗauki nauyi, mai malamai kusan 3,000, ya nuna cewa sai an kalli darussa da dama, da idanu daban-daban, kafin hukunci ya zama abin dogaro. Cunkoso da rashin lasifika kuma ba laifin malami ba ne.

To ga yadda ya kamata. Malami da mai kallo, ku zauna kafin ranar, ku zaɓi abu guda da za a duba, misali yadda ake tambaya. Mai kallo ya shigo kafin a fara, ya zauna baya, kada ya tsoma baki ko ya girgiza kai a gaban ɗalibai. Na taɓa ganin wanda ya miƙe ya gyara wa malami kalma a allo, har yau ba sa gaisawa. Ya rubuta abin da ya faru, ba ra'ayinsa ba. "Ka yi minti 40 kana magana, mutum 2 suka yi tambaya" ya fi "darasin bai yi armashi ba" amfani. Ku haɗu cikin kwana 2, a keɓe, kuma wanda aka kalla shi zai fara magana. Mako na gaba ku yi musanya, babba ma ya bari ƙarami ya kalle shi.

Kai kuma malam, don Allah ka daina kwalliyar rana ɗaya. Kada ka raba wa ɗalibai amsoshi tun jiya, kada ka ɗauko majigin da ya shekara a akwati. In kunya ce ta hana ka, jingina wayarka a taga ta naɗi minti 15, ka kalla kai kaɗai, ka ƙirga sau nawa ka ce "kun gane?" ba tare da ka jira amsa ba.