Danshi da Bangon Filasta: Abin Lura Ga Mai Sayen Gida a Ƙasa Mai Yawan Ruwa

A shekarar 1995, masu duba gine-gine a birnin Wilminton na jihar Karolina ta Arewa, a gaɓar tekun Amurka, suka soma samun koke-koke daga masu sababbin gidaje. Daga waje gidajen sumul suke, fenti na ƙyalli. Amma da aka ɓare shafen bango, sai aka tarar katakon da ke ɗauke da ginin ya ruɓe, wani ma ana iya marmashe shi da hannu. Yawancin gidajen ba su kai shekara goma ba. Irin wannan masifa ta auka wa birnin Bankuba na ƙasar Kanada, har gwamnatin lardin ta kafa hukumar bincike a 1998. Ruwa ba ya tsami banza. To, me ya jawo haka, kuma wane darasi ke ciki ga mai niyyar sayen gida a Legas, ko Fatakwal, ko Kumasi?

Mene ne shafen filasta?

Abin da Turawa ke kira situko shi ne dai filastar da birkiloli ke yi wa bango ta waje: siminti da yashi da ruwa, sau da yawa tare da farar ƙasa. Simintin da aka saba da shi a yau wani birkila ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya yi wa rajista a 1824. A Amurka akan gina gida da katako, a lulluɓe shi da takarda mai hana ruwa, a kafa ragar waya, sannan a yi shafe hawa uku mai kaurin milimita 22 ko kusa da haka. A Afirka ta Yamma kuwa, kai tsaye ake shafa filasta a jikin bulo.

Filasta tana da ƙarfi, ba ta cin wuta, gara ba ta cinta. Sai dai tana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, waɗanda ke tsotsar ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. A wuri mai bushi, irin jihar Arizona, bango kan jiƙe ya bushe nan da nan. A Fatakwal da Kalaba kuwa, inda ruwan shekara ke haura milimita 2,000, kafin bango ya bushe wani ruwan ya sake sauka.

Gidajen Wilminton an yi musu wani sabon salon shafe ne, wanda aka ƙago a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu: a manna allon soso mai hana zafi, a bi shi da siririn shafe mai haɗe da roba. A Jamus a jikin dutse da bulo ake manna shi. A Amurka sai aka manna shi a jikin katako, ba a kuwa bar wa ruwa mafita ba. Ruwan sama ya riƙa kutsawa ta gefen tagogi da mahaɗar rufi, ya shiga, ya rasa hanyar fita.

Halittun da ke zaune a bango

A wurin masanin kimiyyar halittu, jiƙaƙƙen bango gona ce. Sabon siminti yana da kaifi irin na toka, ma'auninsa na pH ya kai 12 zuwa 13, saboda haka da wuya wata halitta ta rayu a kansa. Sannu a hankali iskar kabon da ke sararin sama tana haɗuwa da shi, kaifin ya ragu zuwa wajen 9. Daga nan baƙi suke fara sauka.

Masu fara zuwa su ne dangin gansakuka, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana. Baƙin zanen da ke gangarowa daga saman bango yawanci aikin wasu ƙwayoyi ne irin su Gloeocapsa, ja-ja-ja mai kama da tsatsa kuma na Trentepohlia ne. Waɗannan ba sa cin siminti, amma suna riƙe ruwa da ƙura, su shirya wa na baya wuri.

Na bayan su ne funfuna. Ita ba ta bukatar haske, abin da take nema shi ne laima da abinci, kamar katako da takarda da ƙurar da ta maƙale a fenti. A kan jiƙaƙƙen abu tana iya tsirowa cikin awa 24 zuwa 48. Katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba yana cikin aminci, amma idan ya kai wajen kashi 30 ya daɗe a haka, funfuna mai ruɓar da itace za ta narkar da zarensa. Gara ma jiƙaƙƙen katako ta fi so.

Ɓarnar ba ta tsaya ga gini ba. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna ɗakuna masu laima sun fi fama da tari da shessheƙa da tashin cutar asma.

Kafin a biya kuɗi

Mai sayen gida ya kamata ya je duba shi da damina, in da hali jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa, domin rani yana rufa wa gini asiri. Ya ƙwanƙwasa bango da ɗan ƙarfe. Inda ya ji amo kamar na ganga, filasta ta rabu da bulo. Ya dubi ƙarƙashin tagogi ko akwai baƙin tabo, ya kuma dubi gindin bango ko akwai farin gari kamar kanwa, wanda gishiri ne da ruwa ya ɗauko daga ƙasa ya bari bayan ya bushe. Fentin da ya kumbura, da warin laima a ɗaki, da sabon fenti a gefe ɗaya kawai na tsohon gida, duk abin tuhuma ne.

Siririyar tsaga kamar gashi ba abin tsoro ba ce, don siminti yakan ɗan tsuke idan ya bushe. Amma tsagar da kwabo zai iya shiga, ko wadda ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa, ko mai zubo da launin tsatsa, tana bukatar injiniya ya gani. Rodin da ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa simintin da ke kansa. A gidan katako irin na Amurka, ƙa'ida ita ce shafe ya tsaya santimita 10 sama da ƙasa, a bar masa kafar tsiyayar ruwa, kuma a sa ƙwararre ya auna laimar katakon da na'ura.

Kula da gida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa. A zagaya gida sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a liƙe tsaga da gefen tagogi. A share indararo, a tabbatar yana zubar da ruwa nesa da gindin gini. Ƙasar tsakar gida ta gangara waje, misalin santimita 15 a cikin mita 3 na farko. A sassabe rassan da ke hana bango rana da iska. Gansakuka kuwa a wanke ta da burushi mai laushi da ruwan bilic da aka sirka, kada a haɗa shi da wani sinadarin wanki, domin yana iya fitar da iska mai guba. Kada kuma a yi wa jiƙaƙƙen bango fenti mai toshe kafofi, don kulle ruwa ne a ciki.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin wannan. Suna shafe bango da makuba daga ɓawon ɗorawa, su yi wa soro laso, su fitar da indararo nesa da bango, su kuma sabunta yaɓe lokaci-lokaci. Shafen siminti a kan ginin ƙasa kuwa yakan tare ruwa a bayansa, ƙasar ta jiƙe, wata rana filastar ta faɗo gaba ɗaya.

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan a aji. A tsayar da alli a cikin ruwan shuɗi, a riƙa auna yadda launin ke hawa. Sannan a manna farar leda a bangon da ake zargi, a liƙe gefunanta, a bar ta kwana biyu. Idan aka ga raɓa ta taru a bayan ledar, ruwan daga cikin bangon yake fitowa, kuma sai a nemo mashigarsa kafin a sayi fenti.