Tsarkin Halitta a Tauhidin Kirista da Matsalar Fassara Shi Zuwa Hausa

Gabatarwa

A shekarar 1967, masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya wallafa wata maƙala a mujallar Science wadda ta ɗora wa Kiristancin Yammacin Turai babban kaso na alhakin lalacewar muhalli. Hujjarsa ita ce, an ɗauki Farawa 1:28 a matsayin izinin mallake ƙasa da abin da ke cikinta, kuma da aka kawar da tsoron iskokin daji da na ruwa, sai sare bishiya ya zama ba a bakin komai ba. Wannan zargi ya sa malaman tauhidin Kirista da dama suka sake duba nassosinsu, suka fito da ra'ayin cewa bangaskiya za ta sabunta idan mabiya suka ɗauki dukkan halitta a matsayin abu mai alfarma.

Tushen Ra'ayin

Masu wannan ra'ayi sun fi dogara da Farawa 2:15, inda aka sanya mutum a gonar Aidan domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. A fahimtarsu, mulkin da aka ba ɗan Adam riƙon amana ne da za a tambaye shi a kansa. Suna kuma kafa hujja da Waliyyi Faransis na Asisi, wanda ya rasu a 1226, wanda ya kira rana da wata da ruwa 'yan'uwansa. A 1979 Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shi majiɓincin masu kare muhalli. A 1989 Dimitrios, shugaban cocin Otodoks na Kwanstantinoful, ya keɓe 1 ga Satumba domin yi wa halitta addu'a. A 2015 kuma Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', wadda ta danganta lalata muhalli da zaluntar talakawa, domin su ne farkon waɗanda fari da ambaliya ke ci.

Misali Daga Habasha

Tun kafin waɗannan rubuce-rubuce, cocin Otodoks na Habasha ya daɗe yana aiki da wannan fahimta. A tsaunukan arewacin ƙasar, musamman kewayen Tafkin Tana, noma da kiwo sun cinye yawancin tsohon daji, amma dubban majami'u sun rage kewaye da kurmi. Mabiya na kallon kurmin a matsayin ɓangaren wurin ibada, shi ya sa ba a sare shi barkatai. Masanin gandun daji Alemayehu Wassie ya haɗa kai da limamai wajen gina katangun dutse domin hana dabbobi cinye ƙananan itatuwa.

Matsalar Fassara

Wahalar tana bayyana ne idan aka zo faɗin wannan ra'ayi da Hausa. Tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, kalmar "tsarki" ta zauna a bakin Kiristoci masu jin Hausa a matsayin siffar Allah da Ruhunsa da littafinsa. A ɗaya ɓangaren, al'adar gargajiya ta san tsamiya da kuka a matsayin mazaunin iskoki, kuma tarihin Kano ya ambaci bishiyar Tsumburbura da Barbushe ke yi wa hidima. Saboda haka, Kiristan da iyayensa suka baro maguzanci, idan ya ji an ce bishiya "mai tsarki" ce, zai iya ɗauka cewa tsafin da aka rabu da shi ne ake dawo masa da shi.

Tauhidin Kirista kuwa bai ce halitta Allah ce ba, bai kuma halatta bauta mata ba. Darajarta tana fitowa ne daga Mahaliccinta, kamar yadda ake girmama wasiƙar sarki saboda sarkin.

Kammalawa

Bisa wannan, "alfarma" da "amana" sun fi "tsarki" kusa da abin da ake nufi, domin suna ɗauke da girmamawa da nauyin kiyayewa ba tare da bauta ba. Kasancewar Musulmi ma na amfani da kalmomin biyu, za su iya zama matattarar fahimtar juna a yankin da hamada ke ƙara kutsowa.